Muryar Baba da Na Goge

'Ya'yana, kun sha ganin ɗan fim ɗin nan na kakanku yana zaune a kan dutse, ruwa na gudu a bayansa, bakinsa na motsi. Duk sanda kuka tambaye ni abin da yake faɗa, sai in ce muku kyamarar wancan zamanin ba ta ɗaukar murya. Haka na gaya wa Hamza yana ƙarami, haka na gaya wa Maryam, haka jikokina suka ji daga bakina. Da aka kai shi shago don a mayar da shi kaset ɗin bidiyo, ni na ce wa mai shagon ya bar shi shiru. To, ƙarya na yi muku. Kyamarar tana ɗaukar murya, kuma ta ɗauka. Na zaunar da mijin Maryam, tunda shi ya iya rubutun boko, na ce ya rubuta da Hausa yadda nake faɗa, kada ya gyara mini komai. Na san za ku sha wuya wajen karantawa. Ku daure.

Kakanku Malam Haruna ya bar ƙauyensu na bakin kogin Haɗejiya yana saurayi, a ƙafa, da niyyar ya sauke farali ya koma. Ya yi noma a ƙasar Cadi, ya tsinci auduga a Sudan, can ya auri Inna, sai bayan shekaru suka haye teku. Da suka zo ziyara Madina sai ya ce shi ya iso, ba inda za shi. Ga-ruwa ya yi a lungunan da ke kewaye da Masallacin Harami, waɗanda yanzu duk an rushe su: sanda a kafaɗa, garwa biyu, daga famfon unguwa zuwa gidajen mutane, wasu hawa uku, wasu huɗu. Har ya rasu akwai kanta a kafaɗarsa ta dama, tauri kamar tafin ƙafa. Da famfo ya shiga gidaje sai sana'ar ta mutu, ya sami aikin kula da wata gonar dabino a wajen unguwar Ƙiblatain, muka koma can da zama. Mutum ne mai barkwanci, amma ba ya zancen gida. In ka tambaye shi ƙauyensu sai ya ce yana nan inda ya bar shi, ya sako wata hira. Ni ne ɗansa na fari, kuma sunan mahaifinsa na ci, don haka daga shi har Inna ba mai kiran sunana. Madani suke ce mini, wai ɗan Madina.

Sunan ya shiga kaina fiye da yadda suka nufa. Tun ina makaranta na lura da yadda yara ke kwaikwayon Larabcin iyayenmu. Baba ya yi shekaru masu yawa a garin nan, amma haruffan maƙogwaro ba su taɓa zama daidai a bakinsa ba, kuma in kalma ta ɓace masa sai ya cike gurbin da Hausa ya wuce abinsa. Ni kuwa na zauna gaban rediyo na horar da harshena, har ya zamana in na yi magana a waya ba mai gane ɗan wane ne. Da na sami aikin akawu a wani ofishi a tsakiyar gari, ban taɓa gayyatar kowa gidanmu ba. Ba wai launina ya ɓuya ba, kowa na ganina. Abin da nake so su ɗauka shi ne mu tsofaffin gari ne, kaka da kakanni. In an tambaye ni aikin mahaifina sai in ce yana harkar dabino, in bar su su zaci gonar tasa ce.

A lokacin babu gidan sinima a Madina, amma samari masu albashi sun fara sayen 'yar kyamarar hannu da na'urar haska ta a bango. Ni ma na saya. Ta farko ba ta da murya. Ka ɗauki abu na minti uku, ka aika da faifan fim ɗin a wanke shi, ka jira makonni, ya dawo. Ranar da na fara haskawa a ɗakinmu, bayan la'asar, mun toshe taga da bargo, na ɗauka Baba zai yi faɗa. Sai kawai ya kwashe da dariya.

"Kai, Madani, ai wannan majigi ne. Na gan shi tun kafin in san uwarka."

"A ina, Baba?"

"A kasuwar garinmu. Turawa suka zo da mota, suka rataya farin ƙyalle. Suka nuna mana sauro, girmansa ya kai jaki. Mata suka watse, wani tsoho ya ɗauko sanda. Amma hoton bebe ne, ba ya magana. Sai wani mutum ya tsaya a gefe da ƙaho a baki, shi ke yi masa baki. In mutumin cikin hoton ya buɗe baki, shi zai faɗi abin da ya ce. Mu muna ganin ai shi ne babban malamin, ba Turawan ba."

Wannan ne karo na farko da na ji ya ba da labarin wani abu na gida har ƙarshensa. Daga ranar kuma ya ɗauki aikin. Kowace Juma'a bayan la'asar sai a toshe taga, Inna ta kawo shayi, ƙanwata Zainaba ta zo da 'ya'yanta, Baba ya tsaya a gefen bango da hannu a baki kamar ƙaho. Akwai faifan da na ɗauki maƙwabcinmu Alhaji Isa, mutumin Damagaram, yana jan akuyarsa tana turjewa. Mun kalle shi ya fi a ƙirga, kuma kowane mako akuyar da sabuwar magana. Wani mako ta ce ita ba za ta ba sai an nuna mata takardar zama. Wani mako ta ce Alhaji ya ci bashin gaisuwa, bai tambaye ta kwanan yara ba. Inna takan yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ita ba ta taɓa yarda na ɗauke ta ba. Abin da kawai muke da shi nata shi ne hannunta riƙe da butar shayi, a gefen wani faifai.

Sai aka fara kawo mai murya. Wani abokin aikina ya je Jidda ya zo da labarinta, ban huta ba sai da na mallake ta, da majiginta. Fim ɗinta yana da wani siririn layi ruwan ƙasa a gefe, a nan murya ke zama, kamar zaren kaset. Na fara gwada ta a kan 'ya'yan Zainaba suna wasa a tsakar gida. Da faifan ya dawo muka taru kamar kullum. Baba ya miƙe, ya je gefen bango, ya kai hannu baki. Kafin ya ce komai sai ihun yaran ya cika ɗakin daga cikin na'ura, da Larabci, har da kukan zakaran Alhaji Isa. Kowa ya yi ta mamaki ana tafi. Baba ya ɗan tsaya a wurin da hannunsa a sama, sannan ya sauke shi, ya dawo ya zauna.

"To, ya yi baki," in ji shi. "Ni na huta."

Da dariya ya faɗa. Ni a lokacin hankalina na kan na'urata, ban kula ba.

A shekarar aikin hajji ya faɗo cikin sanyi. Alhazai na cike da gari suna ziyara sai aka yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, da safe labari ya bazu cewa kwarin Aƙiƙ ya kawo. Ku da kuka tashi kuka ga an gine ko'ina ba za ku gane ba. A da, in kwarin nan ya kawo ruwa, gari ne ke fita kallo. Mutane su ɗauki darduma da kayan shayi da yara, a zauna a gaɓa har yamma. Mu da yake kusa da mu ne, da ƙafa muka je. Inna da Zainaba suka zauna can gefe tare da mata, ni na kafa kyamara ina ɗaukar ruwan, jajaye da laka, yana tafe da rassan dabino yana ruri. Baba ya sami dutse ya zauna. Ya daɗe yana kallo.

"Ruwan nan kalar na garinmu ne," ya ce. Can kuma sai ya juyo. "Abin nan naka, da gaske yana riƙe magana?"

"Yana riƙewa, Baba."

"In na faɗa, za ta iya zuwa gida? Can ba su da majigi."

Na ce masa ana iya kwashe muryar a zuba a kaset, kaset kuwa ko'ina akwai rikoda. Ya gyara hularsa, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya ce in kunna.

Na san yana da ƙanwa, Hajo, don Inna ta taɓa gaya mini a ɓoye. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Ya ɗaga murya saboda rurin ruwa, ya ce, "Hajo, ni ne, Haruna. Ina raye." Daga nan magana ta ɓalle masa. Abin kunyar shi ne ban saurara ba. Idona ɗaya na cikin kyamara, ɗayan na duba hagu da dama, kada wani ɗan ofishinmu ya wuce ya ji tsoho na ƙwala Hausa ina tsaye a gabansa. Guntu-guntu kawai na tsinta. Ya nemi gafararta don ya bar ta da mahaifiyarsu ba ta da lafiya, alhali da zai tafi ya ce mata shekara biyu zai yi. Ya tambayi wata tsamiya. Ya ambaci sunayen mutane da yawa, yana cewa in suna raye a gaishe su. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Wanda ke riƙe da na'urar nan ɗana ne. Yusufu. Sunan Baba na sa masa."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ban sake ji ba. Faifan ya ƙare yana cikin magana. Na ce masa ya ƙare. Ya share fuskarsa da gefen rawani, ya ce ba komai, abin da ya shiga ya isa.

Kafin faifan ya dawo daga wanki na riga na cika ofis da labari: na ɗauki Aƙiƙ, da muryar ruwa da komai. Shugabanmu, Ustaz Fu'ad, mutum ne mai son irin waɗannan abubuwa. Ya ce in ya iso in kawo gidansa ranar Alhamis, a ci abincin rana, 'yan ofis duka su gani. Shekara uku ina ƙarƙashinsa bai taɓa gayyata ta ba. Faifan ya iso ranar Talata. Ban gaya wa kowa a gida ba. Na kulle ɗakina da rana, na haska shi a bayan ƙofa, na rage sauti. Ruwa zalla bai fi rabin minti ba. Sauran duk Baba ne.

Sau ɗaya na saurare shi, kuma ko a nan ba maganarsa nake ji ba. Da kunnen 'yan ofis nake sauraro. Ina jin yadda za su kalli juna, yadda wani zai tambaya wane yare ne wannan, yadda gobe a wurin shayi wani zai kwaikwayi muryar. Ina so ku san hanyoyi sun yi mini yawa. Ina iya cewa faifan bai dawo ba. Ina iya nuna rabin mintin in kashe. Ina iya kwashe muryar a kaset tukuna, yadda na yi alkawari, rikoda tana nan kan kanta a cikin ɗakin, na ma dube ta. Sai na ce a raina ba ni da sabon kaset, kuma shago da nisa. Majigin yana da wani jan maɓalli, in ka danna shi ka yi magana a makirifo, sabuwar murya za ta hau kan layin, tsohuwar ta tafi. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na zaci muryoyin biyu za su haɗu ne. Ba haka ba ne. Na karanta takardar na'urar, na san abin da maɓallin ke yi. Na zauna na rubuta bayani a kan kwarin Aƙiƙ da Larabcin littafi, na maimaita shi sau uku don ya zauna, na danna, na karanta shi da muryar masu labarai tun daga farkon faifan har ƙarshensa.

Ranar Alhamis aka ci shinkafa da nama, aka ja labule, na haska. Suka yi ta yabo. Wani ya ce wallahi kamar talabijin. Da Baba ya bayyana a bango, bakinsa na motsi muryata na fita, sai wani abokin aikina mai suna Nabil ya tambaya:

"Wane ne wannan tsohon?"

"Wani dattijo ne ɗan unguwarmu," na ce.

Ban yi tunani ba, kamar amsar tana ajiye a bakina tun tuni. A kusurwar ɗakin akwai mahaifin Ustaz Fu'ad, Amm Saleh, wato baffa Saleh, tsoho mai sanda. Sai na ga ya matso gaba yana ƙanƙance ido.

"Tsaya, tsaya. Wannan ai Harun ne, mai ruwa! Fu'ad, ba ka gane shi ba? Shi ke kawo mana ruwa a tsohon gida kana rarrafe." Ya juyo wajenmu. "Shekarar da na faɗo daga matakala na karye, ba kowa a gida sai mata. Mutumin nan ya ajiye garwarsa, ya goya ni a bayansa har wurin mai ɗori, cikin zafin azahar. Ya jira aka gama, ya sake goyo ni ya dawo da ni. Yana raye ashe! Me yake cewa ne? Ɗana, kashe mana mai rediyon nan mu ji shi."

"Na'urar ba ta ɗauki tasa ba, ya Amm," na ce.

"Kash. Ka san gidansa?"

"Na sani."

"To ka gaishe shi. Ka ce Saleh mai karaya yana gaishe shi. Irin su sun ƙare."

Ga ƙofa an buɗe mini. Kalma biyu kawai ake nema, in ce mahaifina ne. Amma na riga na faɗi ta farko a gaban mutum goma, sai na ga komawa ya fi ci gaba wuya. Na ce zan gaya masa. Na naɗe wayoyina, na sha shayi, aka raka ni har mota ana sa mini albarka. Ban isar da gaisuwar ba.

Juma'a biyu bayan haka Baba ya dawo daga Harami, muka zauna cin abinci. Ya ci loma biyu uku, sannan ya yi magana yana kallon kwano.

"Na haɗu da Saleh a ƙofar masallaci. Rabona da shi tun ina ɗaukar garwa. Ya rungume ni yana kuka. Ya ce ya gan ni a bango a gidan ɗansa." Ya ƙara loma. "Ya ce wani yaron kirki ne ɗan unguwarmu ya nuna musu. Na ce masa na san yaron."

Na janye hannuna daga kwano. Inna ta dube ni, ta dube shi.

"Ashe ya dawo daga wanki," in ji Baba. "In an yi la'asar sa mana."

Na toshe tagar da hannuna. Zainaba ta zo, ba ta san komai ba, tana murna za a ji Baba. Ruwa ya bayyana, muryata ta fara. Baba ya bayyana, muryata ta ci gaba, tana bayanin inda kwarin ya taso da inda ya nufa. A wurin da ya nuna ni da yatsa, muryata tana cewa wannan ni'ima ce da mutanen gari ke fita kallo tun zamanin da.

"Ina maganar Malam?" in ji Inna. "Madani, ina maganar?"

"Kuskure aka samu. Na'urar ce."

Baba bai ɗauke ido daga bango ba har faifan ya ƙare, jelarsa ta shiga kaɗawa. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Na'ura takan yi haka," ya ce. Ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Larabcinka ya yi kyau, Madani. Ko a rediyo sai haka."

Ya fita ya ɗauki buta. Da ya zage ni, ko ya mare ni, da na sami abin riƙewa. Zainaba ta kwashi 'ya'yanta. Inna ta zauna har ɗakin ya rage daga ni sai ita, ta cire bargon daga taga tana ninkewa.

"Tun daga Sudan nake tare da mutumin nan," ta ce. "Ban taɓa jin ya kira sunan Hajo a farke ba sai ranar. Ni ba zan tambaye ka ba. Kai ka sani."

Washegari na sayo kaset, na kai rikoda gona. Na same shi a gindin dabino yana gyara hanyar ruwa. Na ce ya sake faɗa, wannan karon ba iyaka, ko awa guda yake so. Ya dubi rikodar, ya yi murmushi, ya ci gaba da aikinsa.

"Ranar ruwa ne ya buɗe mini baki. Yanzu ban san ta inda zan fara ba. Bari dai, in Allah ya kai mu wani ruwan."

Na sake gwadawa sau biyu, amsar ɗaya ce. Bai canza mini fuska ba. Yana gaishe ni, yana tambayar aiki, yana ajiye mini dabinon farko. Majigin Juma'a ne kawai ya mutu, ba wanda ya ce a daina, ba kuma wanda ya sake cewa a sa. Ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce masa ni na goge da hannuna ba, ban taɓa ce masa na kira shi ɗan unguwa ba. Na tsaya a kan na'ura, shi ma ya bar ni a kai. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace.

Da zafi ya shigo, lokacin nunar dabino, zazzaɓi ya kama shi. Kwana shida ya yi. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ranar ta'aziyya ta biyu ina tsaye a farkon layin iyali ina karɓar gaisuwa, sai ga Amm Saleh yana dogara sanda, Ustaz Fu'ad na riƙe da hannunsa. Wani ne ya gaya masa Harun mai ruwa ya rasu, ya ce lalle a kawo shi. Ya iso gabana ya ɗaga kai. Na ga lokacin da ya gane ni. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba, mutane na jira a bayansa.

"Allah ya girmama ladanka, ya ɗan Harun," ya ce.

Sannan ya saki hannuna ya wuce. Ustaz Fu'ad kuwa bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Ni ne na kasa haɗa ido da shi. Kafin shekara ta ƙare na nemi a mayar da ni wani reshe, kuma abin da ya sa ke nan na bar wancan ofishin, ba don nisa ba kamar yadda na gaya wa mahaifiyarku.

Da hajji ya zagayo, wani alhaji ya yi ta tambaya a wajen Hausawan Harami har aka kwatanta masa gidanmu. Daga ƙauyen su Baba yake. Ya zo da kaset a naɗe cikin tsumma, an ce ya ba Haruna hannu da hannu. Da muka gaya masa Baba ya rasu, ya yi salati ya zauna a ƙasa. A bakinsa muka ji cewa a makon da aka yi ruwan nan, Baba ya haɗu da wani mutumin garinsu da ya zo ziyara, ya ba shi saƙo ya kai wa Hajo: yana raye, kuma muryarsa na nan tafe. Bayan alhajin ya tafi masauki, Inna ta ce in sa. Muryar tsohuwa ce, siririya, ana jin kaji a bayanta. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Sannan ta ce:

"Yaya, an ce ka ce muryarka na tafe. Tun lokacin nake jira. Duk ranar kasuwa sai na sa an kai ni inda mota ke tsayawa. Idona ya tafi, amma kunnena lafiya lau. In ɓata ta yi a hanya, ka sake aiko wata. Ba sai mai tsawo ba. Ko sallama ce ka yi, zan gane ka."

Inna ta juya kaset ɗin da kanta, ta tura rikodar gabana.

"Kai za ka amsa mata."

Na amsa da Hausa, Hausar da na yi shekaru ina ɓoyewa, tana ta sarƙe mini. Na ce ni ne Yusufu ɗan Haruna. Na gaya mata ranar da ya rasu da inda aka binne shi, na ce ya yi kyakkyawan ƙarshe. Na zo kan maganar murya na tsaya. Zaren na juyawa, Inna na kallona. Sai na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, ya aiko. A hanya ta ɓata."

Inna ta tashi ta bar ɗakin. Har ta koma ga Allah ba ta tona ni a wurin kowa ba, ba ta kuma sake sa ni in karanta mata wasiƙa ba, sai ta kira Zainaba. Gwaggo Hajo ta rasu bayan shekara biyu, wani alhaji ne ya kawo labarin. Ban ma gaya mata abin da ya faɗa ba, ɗan abin da na tsinta, don in na faɗa za ta tambaye ni yadda aka yi na sani.

Yanzu ƙafata ba za ta kai ni can ba. An ce tana da jikoki a ƙauyen, sunan garin da na gidan suna cikin takardar da ke aljihun akwatina. Hamza, kai ne babba. Ka je, ko ka sami amintacce cikin masu zuwa Umra. A gaya musu yayan kakarsu bai manta da ita ba. Ya nemi gafararta da bakinsa, a bakin ruwa, da hawaye a fuskarsa, ya tambayi tsamiya, ya gaishe da kowa da sunansa. Saƙon ya fito daga wurinsa. A hannuna ya tsaya.